KUMBO BIYU NA KAN HANYAR MUSHTARI: YAYA AKA SAN INDA ZA SU ISKE WATANNINSA?

Ran 14 ga watan Oktoba, 2024, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta harba wani kumbo mai suna Europa Clipper daga Jihar Florida. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa, na'urori ne kawai. An shirya zai yi tafiyar kilomita miliyan 2,900, ya isa duniyar Mushtari cikin watan Afrilu na 2030. Kafin shi kuma, ran 14 ga watan Afrilu, 2023, ƙasashen Turai sun haɗa kuɗi da ƙwararru sun harba nasu kumbon mai suna Juice daga garin Kourou da ke Kudancin Amurka, shi kuwa sai watan Yuli na 2031 zai isa. Kuɗin da aka ware wa na Amurka ya kai wajen dala miliyan 5,000.

Abin da za su je dubawa shi ne watannin da ke kewaya Mushtari, musamman wani da ake kira Yuropa. Kada mai karatu ya ɗauka nahiyar Turai ake nufi, sunan ne kawai ya zo ɗaya. An tsara kumbon Amurka zai gifta ta kusa da wannan wata har sau 49, wani lokaci tsakaninsa da doron watan kilomita 25 kacal. To, ga inda gizo ke saƙa. Shi Yuropa ba a tsaye yake ba, gudu yake yi na kusan kilomita 14 a kowane sakan ɗaya. Watau in aka yi kuren sakan biyu a lissafi, watan ya riga ya gusa da fiye da wancan kilomita 25. Kuma ba dama a ce wani direba zai zauna a Amurka yana murza kan kumbon yadda ake murza kan mota, domin saƙon rediyo yakan ɗauki minti 33 zuwa minti 53 kafin ya kai can, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. Kafin umurni ya isa, abin da zai faru ya riga ya faru.

Saboda haka dole a san inda watan zai kasance a rana kaza, awa kaza, sakan kaza, tun da sauran lokaci mai tsawo. Wannan sani kuwa ba a zaune aka same shi ba. Hanyarsa guda ce tun shekara 400 da suka wuce: a yi lissafi a rubuta jadawali, a fita a auna inda watan yake, a gwada da abin da jadawali ya ce, sa'an nan a gyara lissafin. Kullum akan sami ɗan saɓani tsakanin lissafi da awo. Abin da za mu nuna wa masu karatu a wannan maƙala shi ne, cikin wannan ɗan saɓani ne aka tsinci waɗansu manyan abubuwa na ilmin kimiyya, don kuwa masu awon ba su raina shi ba.

MUSHTARI DA WATANNINSA

Malamanmu masu ilmin falaki sun daɗe da sanin Mushtari, wanda Turawa ke kira Jufita. Shi ne mafi girma cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Faɗinsa ya kai na duniyarmu sau 11, nisansa daga rana kilomita miliyan 778, kuma yakan yi kusan shekara 12 kafin ya gama kewaye ɗaya. Da dare ana ganinsa da ido kamar babban tauraro mai haske wanda ba ya ƙyaftawa. In aka ɗebe wata da Zara, da wuya a sami abin da ya fi shi haske a sama.

Ran 7 ga watan Janairu, 1610, wani malamin lissafi mai suna Galileo, a birnin Padua na ƙasar Italiya, ya ɗaga madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa ya dubi Mushtari. Sai ya ga waɗansu 'yan taurari uku sun jeru kusa da shi. Washegari ya ga sun sake wuri. Ran 13 ga watan ya ga sun zama huɗu. Da ya yi ta bin su dare bayan dare yana zana inda kowane yake, sai ya gane cewa kewaya Mushtari suke yi, kamar yadda namu watan ke kewaya mu.

Waɗannan huɗu su ne Iyo da Yuropa da Ganimid da Kalisto. Iyo ya fi kusa, nisansa daga Mushtari kilomita 422,000, yakan gama kewaye cikin awa 42 da rabi. Yuropa yana kilomita 671,000, kewayensa kwana 3 da rabi. Ganimid yana kilomita 1,070,000, kewayensa kwana 7 da 'yan awoyi, shi ne kuma wata mafi girma da aka sani, faɗinsa kilomita 5,268, alhali namu watan 3,474 ne. Kalisto shi ne na can waje, yakan yi kwana 16 da awa 16. Daga baya an gano waɗansu ƙanana, har yawan watannin Mushtari ya haura 90, amma waɗannan huɗun su ne manya.

AGOGON DA KE SAMA

Mai karatu zai ce, to, mutanen wancan zamani da ba su da kumbo, me ya dame su da jadawalin watannin wata duniya? Amsar tana wajen matuƙan jiragen ruwa da masu zana taswira.

Duk wanda ya baro gida ya zo Kurmi ya san rana ba ta yin tsaka lokaci guda a ko'ina. A Kano takan riga Ikko da wajen minti 20, a Maiduguri kuwa da wajen minti 40, saboda sun fi Ikko gabas. Ashe ke nan in mutum ya san bambancin lokacin rana tsakanin garuruwa biyu, ya san yadda ɗaya ya fi ɗaya gabas ko yamma. Kowane minti 4 daidai yake da digiri ɗaya. Matsalar ita ce, a zamanin da ba waya ba rediyo, yaya wanda ke Maiduguri zai san ƙarfe nawa ne a Ikko a daidai wannan lokaci? Sai in akwai wani abu a sama da dukkansu za su gani tare.

Galileo ya ce akwai. Duk awa 42 da rabi Iyo yakan shiga inuwar Mushtari ya ɓace, watau husufi ke nan, kuma duk wanda Mushtari ke samansa zai ga ɓacewar a lokaci guda. In akwai jadawali da ya ce husufin zai auku ƙarfe 10 na dare agogon gari kaza, kai kuma ka gan shi ƙarfe 11 a agogon inda kake, to, ka fi wancan gari gabas da digiri 15. Ya kai wannan dabara ga masarautar Sifen, daga baya a 1636 ya kai wa hukumomin Holan. A kan teku abin bai yiwu ba, don jirgi ba ya tsayawa cik balle a saita madubi. Amma a kan tudu ya yi aiki sosai, da zarar an sami jadawali mai kyau.

Wanda ya fara fitar da irin wannan jadawali shi ne Cassini, wani Ba'italiye, a 1668. Shekara guda bayan haka Sarkin Faransa Louis na 14 ya ɗauko shi zuwa Paris, inda ake gina sabon ɗakin duban taurari. Daga nan aka riƙa aika masana wurare dabam dabam da madubi da agogo, su auna husufin Iyo, a gwada da abin da aka gani a Paris. A 1682 irin wannan tawaga ta sauka tsibirin Gore da ke bakin tekun Senigal, ta auna matsayinsa da wannan hanya. A Faransa kanta, da aka sake zana taswira sai aka tarar gaɓar tekun yamma ta matso ciki da fiye da kilomita 100 a waɗansu wurare, ƙasar ba ta kai girman da ake zato ba. Ana ba da labarin cewa Sarkin ya yi ba'a, wai masanansa sun cinye masa ƙasa fiye da yadda abokan gaba suka taɓa yi.

WATAN DA YA YI LATTI

Sai dai jadawalin Cassini yana da wani aibi da ya hana masana barci. Wani lokaci na shekara Iyo yakan riga jadawali da 'yan mintoci, wani lokaci kuma ya makara. Mai gaggawa zai ce laifin agogo ne ko na idon mai kallo. Amma wani saurayi ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Romer, wanda ya zo aiki Paris a 1672, ya tattara awon shekaru ya lura da abu guda: in duniyarmu tana matsowa kusa da Mushtari, husufi yakan zo da wuri, in tana nisanta kuma yakan yi latti.

Ga misalin da zai sauƙaƙa abin. A ce wani ɗan'uwanka a Kano yana aiko maka da wasiƙa kowace Jumma'a ba fashi. Kana Kaduna wasiƙar takan same ka da wuri. Ka koma Ilori ta ƙara kwana a hanya, ka gangaro Badun ta ƙara, ka iso Ikko ta ƙara. Shi mai aikowa bai sake ranarsa ba, kai ne ka ƙara nisa. Romer ya ce haka abin yake: Iyo bai makara ba, hasken da ke kawo mana labarinsa ne ke bukatar lokaci kafin ya ratso ƙarin nisan. A zamanin kuwa yawancin masana sun ɗauka haske ba ya ɗaukar lokaci ko kaɗan wajen tafiya.

Don ya tabbatar da maganarsa, sai ya sanar tun da wuri cewa husufin ran 9 ga watan Nuwamba, 1676, zai makara da minti 10 bisa ga lissafin da aka saba. Haka kuwa aka gani. Ya ƙiyasta cewa haske yakan yi minti 22 kafin ya ratsa faɗin da'irar da duniyarmu ke bi wajen kewaya rana. Yau an san minti 16 ne da sakan 40, kuma gudun haske kilomita 299,792 ne a sakan ɗaya. Cassini kansa bai yarda da bayanin ba, sai a 1729 wani Bature ɗan Ingila mai suna James Bradley ya kawo wata hujja dabam da ta rufe gardamar. Amma dai farkon shaidar cewa haske yana da iyakar gudu, daga lattin minti 10 na wani wata ta fito.

WATANNI UKU MASU JAN JUNA

Ko bayan an sa gudun haske cikin lissafi, jadawali bai daidaita sarai ba. Dalili kuwa shi ne, ba Mushtari kaɗai ke jan watanninsa ba, su ma suna jan junansu. Kuma ukun ciki suna da wani tsari na ban mamaki: kafin Ganimid ya yi kewaye ɗaya, Yuropa ya yi biyu, Iyo ya yi huɗu. Saboda haka sukan riƙa haɗuwa a wurare guda a kai a kai, kowane ya ɗan fizgi ɗan'uwansa, fizgar kuma ta yi ta taruwa. Wani masani ɗan Suwidin mai suna Wargentin ya kyautata jadawalin a tsakiyar ƙarni na 18, sa'an nan Laplace na Faransa ya yi bayanin wannan tsari da lissafi a ƙarshen ƙarnin. A 1910 Sampson na Ingila ya buga sabon jadawali da aka daɗe ana aiki da shi, har zuwa 1977 lokacin da Jay Lieske na Amurka ya sabunta shi da kwamfuta saboda kumbon Voyager da za a harba a wannan shekara.

Wannan fizgar juna tana hana hanyar Iyo zama cikakkiyar da'ira. Wani lokaci ya ɗan matso Mushtari, wani lokaci ya ɗan ja baya, shi kuwa Mushtari da ƙarfin jansa sai ya riƙa matsa shi yana saki, har doron Iyo yakan tashi ya sauka da wajen mita 100. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya karya ta ya san yadda wurin lanƙwasar ke ɗaukar zafi. Ran 2 ga watan Maris, 1979, waɗansu masana uku na Amurka, shugabansu Stanton Peale, suka buga lissafin da ya nuna cewa wannan matsa tana iya narkar da cikin Iyo. Kwana 3 bayan haka, ran 5 ga wata, kumbon Voyager 1 ya gifta ta kusa da Mushtari.

HOTON DA AKA ƊAUKA DON AWO

Masu kula da hanyar kumbo suna da wata dabara. Sukan sa kumbon ya ɗauki hoton wata tare da taurarin da ke bayansa. Tun da an riga an san matsayin taurarin, sai a auna tazarar da ke tsakaninsu da tsakiyar watan a jikin hoton, daga nan a gyara lissafin hanyar watan da ta kumbon gaba ɗaya.

Ran 9 ga watan Maris, 1979, wata injiniya mai suna Linda Morabito tana wannan aiki a cibiyar NASA da ke Pasadena, Jihar Kaliforniya. Hoton Iyo ne a gabanta, wanda kumbon ya ɗauka bayan ya wuce. Taurarin da take nema ba su da haske sosai, sai ta ƙara hasken hoton a kwamfuta don su fito. Nan take ta ga wani abu kamar laima ya taso daga gefen watan, tsayinsa ya kusa kilomita 300. Ita da abokan aikinta suka bi duk abin da zai iya zama, ko wani wata ne a baya, ko lahani ne a na'urar ɗaukar hoto, duk suka ga ba haka ba ne. Ashe toka ce da hayaƙi na dutse mai aman wuta. Wannan shi ne karo na farko da ɗan Adam ya ga dutse yana aman wuta a wani wuri da ba duniyarmu ba. Yau an san akwai irinsu wajen 400 a Iyo.

Wannan matsa da ke dafa Iyo tana taɓa Yuropa ma, ko da yake ba ta kai haka tsanani ba. Shi ya sa masana ke da ƙarfin zaton cewa ƙarƙashin ƙanƙarar da ta lulluɓe Yuropa akwai teku na ruwan gishiri da bai daskare ba, wanda ruwansa zai iya ninka na dukkan tekunan duniyarmu sau biyu. Kumbon Galileo, wanda ya kewaya Mushtari daga 1995 zuwa 2003, shi ya kawo hujjoji mafi ƙarfi a kan haka. Neman sanin ko wannan teku zai iya ɗaukar rai shi ne dalilin tafiyar Europa Clipper.

YADDA AKE AWON DAGA ƘASA

Kumbo ba kullum yake can ba, saboda haka yawancin awon daga nan ƙasa ake yin sa, kuma yana da wuya. Na farko akwai nisa, domin ko lokacin da Mushtari ya fi kusa da mu yana wajen kilomita miliyan 590. Na biyu iskar da ke samanmu tana sa haske rawa, kamar kawalwalniyar da ake gani bisa kwalta da tsakar rana. Na uku hasken Mushtari kansa yakan dushe taurarin da za a yi gwaji da su. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 ake ɗaukar hotunan watannin a farantan gilashi ana auna su, amma kuren irin wannan awo yakan kai ɗaruruwan kilomita.

Hanya ta biyu ta fi wannan. Duk bayan shekara 6, duniyarmu da rana sukan daidaita da shimfiɗar da watannin ke kewayawa a kai. A wannan lokaci sai a ga wani wata ya shiga gaban wani, ko ya jefa masa inuwa. Mai awo ba ya bukatar auna tazara a hoto, abin da zai yi shi ne ya rubuta lokacin da hasken ya fara raguwa, da lokacin da ya fi raguwa, da lokacin da ya komo. Auna lokaci kuwa ya fi auna tazara sauƙi nesa ba kusa ba, kuma rawar iska ba ta ɓata shi sosai. Tun 1973 ake shirya gangamin irin wannan kallo, masanan ɗakin duban taurari na Paris suna tattara sakamako daga ƙasashe da yawa. An yi a 2009, da 2014 zuwa 2015, da 2021, lissafi kuma ya sa na bayansa a 2026 zuwa 2027. Da yawa cikin masu aiko da awon ba ma'aikatan gwamnati ko na jami'a ba ne, mutane ne masu sha'awa da ƙananan madubai a bayan gidajensu. Da wannan hanya kure yakan sauko zuwa gomman kilomita.

Hanya ta uku ita ce sabuwa. Wani lokaci wata yakan shiga tsakaninmu da wani tauraro mai nisa ya kare shi. A nan sai inuwar watan ta ratsa doron ƙasa a guje, kamar yadda inuwar gajimare ke ratsa gona. Masu awo sukan jeru a garuruwa dabam dabam, kowa da madubi da na'urar ɗaukar hoto da agogon da aka daidaita da tauraron ɗan Adam. Wanda ke tsakiyar inuwar zai ga tauraron ya daɗe a ɓace, wanda ke gefe zai ga ya ɓace na ɗan lokaci, wanda ke waje ba zai ga kome ba. In aka haɗa dukkan waɗannan, sai siffar watan da ainihin tsakiyarsa su fito.

Abin da ya hana wannan hanya aiki a da shi ne rashin sanin matsayin taurarin su kansu daidai wa daida. Kumbon Gaia na ƙasashen Turai ya kawar da wannan matsala. An harba shi a watan Disamba na 2013, ya auna matsayin taurari kusan miliyan 2,000 kafin a rufe aikinsa a watan Maris na 2025. Da taimakonsa aka hango cewa Yuropa zai kare wani tauraro ran 31 ga watan Maris, 2017. Masana ƙarƙashin jagorancin Bruno Morgado na Barazil suka kama abin daga Barazil da Chile, suka tsayar da matsayin Yuropa da kuren da bai kai kilomita 3 ba. Don mai karatu ya gane irin wannan ƙwarewa, daidai take da mutum ya tsaya a Ikko ya nuna inda ƙwayar dawa ɗaya take a Kano, bai kauce da fiye da faɗin ƙwayar ba.

Ban da waɗannan, duk kumbon da ya gifta kusa da wata yakan bar awo mai kyau, domin jan watan yakan ɗan sake gudunsa, ana kuma gane haka daga saƙon rediyonsa. Kumbon Juno ya gifta Ganimid a watan Yuni na 2021, da Yuropa a watan Satumba na 2022, da Iyo a watan Disamba na 2023 da Fabrairu na 2024.

TSOHON AWO BA YA LALACEWA

Wani zai ce, tun da an sami sababbin na'urori, sai a zubar da tsofaffin farantan gilashi. Masana ba su yarda da haka ba. Ƙaramin kure a gudun wata ba ya bayyana cikin shekara ɗaya ko biyu, sai ya taru shekara da shekaru, kamar agogon da ke ƙara sakan ɗaya a mako. Saboda haka awon da kakanni suka yi, ko da bai kai na yau kyau ba, tsawon zamaninsa yana ba shi daraja.

A 2009 Valery Lainey na Paris da abokan aikinsa suka haɗa awon shekara 116, daga 1891 zuwa 2007, suka gwada da lissafin kwamfuta. Suka tarar Iyo ya wuce inda ya kamata ya kasance da kilomita 55, Yuropa ya rage baya da kilomita 125, Ganimid kuma da kilomita 365. A tafiyar fiye da ƙarni guda wannan ba wani abu ba ne a ido. Amma daga shi suka lissafa yawan zafin da matsar Mushtari ke haifarwa cikin Iyo, suka kuma ga ya yi daidai da zafin da ake aunawa yana fita daga doronsa. Watau ba tare da kowa ya taka Iyo ba, tafiyarsa ta faɗi abin da ke cikinsa.

Irin wannan awo ya nuna cewa sauran watanni ma ba a kan hanya guda suke dawwama ba. Namu watan yana nisantar mu da santimita 3.8 a shekara, an san haka ne ta hanyar harba haske zuwa madubin da 'yan kumbon Apollo 11 suka ajiye a kansa a 1969, da waɗansu da aka ajiye daga baya, a auna lokacin da hasken ya ɗauka ya komo. A 2020 an gano cewa Taitan, babban watan Zuhal, yana nisantar Zuhal da santimita 11 a shekara, abin da ya zarce zaton masana nesa.

RABON AFIRKA

Inuwar wata ba ta zaɓen ƙasa mai arziki, inda lissafi ya kai ta nan take bi, kuma dole masu awo su bi ta can. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta lissafa cewa ran 19 ga watan Yuni, 2022, Yuropa zai kare wani tauraro, za a kuma ga abin daga Namibiya da Botswana da Zimbabwe, har ta yi kira ga masu madubai na wannan yanki su fito. A nan Afirka ta Yamma, cikin watan Agusta na 2018, masanan Senigal sun haɗu da na Amurka da Faransa sun jera madubai a ƙauyukan ƙasar, suka auna wani dutsen sama mai nisan gaske da ake kira Arrokoth lokacin da ya kare wani tauraro. Wannan awo ya taimaka wa kumbon New Horizons ya iske dutsen ran 1 ga watan Janairu, 2019. An sake irin wannan aiki a Senigal a 2020 da 2021 saboda wani kumbon.

Nijeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, da cibiyar nazarin ilmin taurari a Nsukka. Aiki ne da ba ya cin kuɗi kamar harba kumbo. Abin da yake bukata shi ne madubi matsakaici, da agogo na ƙwarai, da sama mai tsabta, da mutum mai haƙurin kwana a waje. Sama mai tsabta kuwa Arewa tana da ita bayan ɗaukewar damina, in ba a yi hazo ba. Yaranmu da ke karatun lissafi da kimiyya a makarantun Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi ya kamata su san cewa wannan fage a buɗe yake.

Ko mai karatu ma yana iya ganin abin da Galileo ya gani. In ka sami tabarau mai hangen nesa irin na masu kallon sukuwa, ka fita inda fitilun gari ba su da yawa, ka dafa shi bisa katanga don kada hannu ya yi rawa, ka saita Mushtari. Za ka ga 'yan ɗigo biyu ko uku ko huɗu sun jeru a gefensa. Ka zana su a takarda, ka rubuta rana da lokaci. Gobe war haka ka sake dubawa, za ka ga sun sake wuri. Da irin wannan takarda aka fara a 1610, kuma jadawalin da aka yi ta gyarawa tun daga ranar shi ne Europa Clipper zai dogara da shi a 2030, da Juice a 2031, har zuwa watan Disamba na 2034 lokacin da aka shirya Juice zai shiga kewaya Ganimid, ya zama kumbo na farko da ya taɓa kewaya wani wata da ba namu ba.